Awa Huɗun Baba

Yaya: Salamu alaikum. Halo? Auta, kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina kwana?

Yaya: Halo? Muryarki can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

Auta: Na ce ina kwana.

Yaya: Ina wuni dai. Mutane sun yi azahar sun koma bakin aiki, ke kina ina kwana. Har yau ba ki bar barcin ranar nan naki ba?

Auta: To, ina wuni. An wuni lafiya?

Yaya: Lafiya ƙalau. Ya gida? Ya jego?

Auta: Wane jego kuma, Yaya, yarinya ta shiga wata na biyar? Lafiya lau. Ya Malam? Ya yara?

Yaya: Suna makaranta. Malam ya koma ofis yanzun nan. Ya maigidan naki?

Auta: Ya fita aiki tun ɗazu. Ya shago? Ana samun ciniki?

Yaya: Alhamdu lillahi. Ga labulen falo na taga shida a gabana, tun jiya nake fama da leɓensa. Ya mai sunan Inna? Ita nake ji tana kuka?

Auta: Ita ce. Haƙori take, ba ta bari a runtsa.

Yaya: Allah sarki. Ki shafa mini kanta. Yayanta fa?

Auta: Yana can yana neman safa ƙafa ɗaya. Yaya, kira kai tsaye kika yi? Ai zai cinye miki kati.

Yaya: Data ta ƙi a shagon nan, ta yi ta juyawa kamar fanka. Na ce bari dai in kira in yi miki albishir. Baba ya shiga.

Auta: Ya sha me?

Yaya: Ya shiga! Ya shiga filin jirgi. Mun kai shi ni da Malam, an auna akwati, an karɓa, an ba shi ƙaramar takarda. Wata ma'aikaciya ta zo da kujera mai taya. Da farko ya ce shi ba gurgu ba ne, mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana jan babbar mota ba za a tura shi kamar buhu ba. Da ya hango tsawon barandar sai ya zauna da kansa, ba wanda ya sake roƙonsa.

Auta: Alhamdu lillahi. Wallahi tun jiya nake cewa zai fasa a bakin ƙofa.

Yaya: Ya so ya fasa a mota. Sau uku yana tambayata, ke, kin tabbata awa huɗu ne? Na ce Baba, ga takarda, tashi ƙarfe huɗu na yamma, sauka ƙarfe takwas na dare. Ya ce shi dai ya san nisa a jikinsa, garin da saƙo ke yin wata guda kafin ya isa ba zai zama awa huɗu ba. Na ce jirgi ne fa, ba tsohuwar motarka ba. Har rantsuwa na yi masa. Na ce kamar zuwa gidan Kawu ne, kafin ƙafarka ta fara kumbura kun sauka.

Auta: Uhm.

Yaya: Kina ji?

Auta: Ina ji. Allah Ya kawo shi lafiya.

Yaya: Amin. To ki buɗe kunne, ga abin da ya sa na kira. Da kun ɗauki akwatin, kada ki jira sai kun je gida. Ki zuge babban zif, a gefen dama ƙarƙashin rigar sanyi akwai jan kwano mai murfi. Allurarsa ta suga tana ciki, na naɗe ta da tawul da ƙanƙara. Ta dare ƙarfe takwas yake yi. In ta kai tara ba komai, likita ya ce awa ɗaya ba ta da illa.

Auta: Tsaya, Yaya. Wane akwati?

Yaya: Akwati nawa gare shi? Babban, shuɗin nan.

Auta: Wanda aka auna aka karɓa?

Yaya: Shi.

Auta: Allurar tana cikinsa? Ba ta jakar hannunsa?

Yaya: A jakar hannu akwai carbi, da tabarau, da ayaba biyu, da biskit marar suga. Matar mai kantin nan ta kusa da ni ta ce ba a shiga jirgi da ruwa ko abu mai tsini. Ita da ta yi tafiya, turarenta da almakashi aka ƙwace a gabanta. Na ce ba zan sa a wulaƙanta tsoho ba.

Auta: Inna lillahi. Ba na ce miki ki sa masa magani a hannu ba?

Yaya: Kin ce ya kasance kusa da hannu. Yana sama-sama, da an zuge zif za a gan shi. Mene ne na salati kuma? Awa huɗu ne fa.

Auta: Yaya, ba awa huɗu ba ne. Sha biyu ne.

Yaya: Biyu? To ai ya fi sauƙi ma.

Auta: Sha biyu. Goma da biyu.

Yaya: Layin nan yana yanke miki magana. Me ya kai goma da biyu? Kuɗin tasi?

Auta: Tafiyar. Awa goma sha biyu zai yi a sama.

Yaya: Ke Auta, kwafin takardar yana hannuna. Bari in sa tabarau. Tashi, sha shida da sifiri biyu, Malam ya ce shi ne huɗu na yamma. Sauka, ashirin da sifiri biyu, takwas na dare. Duka yau Laraba. Daga huɗu zuwa takwas nawa ne? Ko lissafin ma an canza shi a garinku?

Auta: Huɗun taku ce, takwas ɗin tamu ce.

Yaya: Ban gane ba. Akwai takwas taku daban?

Auta: Yanzu ƙarfe nawa a agogon shagonki?

Yaya: Biyu da kwata.

Auta: Nan shida da kwata.

Yaya: Na yamma?

Auta: Na safe. Yanzu gari ya waye. Ba barcin rana nake ba, yaro nake shiryawa zuwa makaranta.

Yaya: Na san dai agogonku ya saɓa da namu, kin taɓa faɗa. Na ɗauka awa ɗaya ne ko biyu. Ke kike kira kullum, ban taɓa zama na ƙirga ba.

Auta: Awa takwas muke bayanku.

Yaya: To shi ke nan, in baya kuke ai ragewa za a yi. Huɗu a cire takwas... ba ya ciruwa. Ke nan zai sauka tun bai tashi ba?

Auta: A'a, ƙarawa za ki yi.

Yaya: Baya ake ƙarawa? A wace makarantar?

Auta: Ai da yake muna baya, in ya zo nan sai ya... tsaya. Huɗu da takwas, a cire... Kin rikita ni, wallahi. Baban yara ya zana mini a bayan ambulan, na gane a lokacin.

Yaya: To kira shi.

Auta: Ba a ɗaukar waya a wurin aikinsu. Bari mu bi ta nan. Ajiye takardar.

Yaya: Na ajiye.

Auta: In agogona ya buga takwas na dare, naki zai buga nawa? Kina gabana da awa takwas.

Yaya: Takwas da takwas, sha shida. A cire sha biyu. Huɗu.

Auta: Huɗu na yaushe?

Yaya: Na... asuba.

Auta: To ƙirga daga huɗu na yamma zuwa huɗu na asuba.

Yaya: Biyar, shida, bakwai, takwas, tara... Yatsuna sun ƙare, Auta.

Auta: Sha biyu ne.

Yaya: Amma me zai sa a rubuta tikiti ɗaya da agogo biyu? Ni in zan auna taga, ba na auna sama da tef ɗina in auna ƙasa da na maƙwabciya. Ai ha'inci ne.

Auta: Haka suke yi ko'ina. Kowane gari da lokacinsa ake rubuta masa.

Yaya: Anya kuwa? Ko dai naki jirgin ne ya daɗe? Lokacin da kika tafi kin ce kun sauka a wani gari kun wuni a kan benci.

Auta: Wannan da sauka ne, awa goma sha tara na yi. Nasa kai tsaye ne, shi ya sa muka zaɓa masa. Bari in duba a waya, kar ki kashe. Ga shi. Tsakanin garinku da namu kilomita dubu goma da ɗari uku. Lokacin tafiya, awa goma sha ɗaya da minti hamsin.

Yaya: Mita dubu goma? Ai bai kai daga nan zuwa filin jirgin ba.

Auta: Kilomita, Yaya. Gidan Kawu nawa ne daga wurinku?

Yaya: Baba yana cewa ɗari biyu da hamsin.

Auta: To zuwa gidan Kawu sau arba'in ne da ɗoriya.

Yaya: Sau arba'in.

Auta: Jirgin yana cin kamar ɗari tara a awa. In ya yi awa huɗu, ko rabi bai kai ba, yana tsakiyar ruwa.

Yaya: Wane ruwa?

Auta: Teku mana.

Yaya: Akwai teku a hanyar? Ba wanda ya faɗa mini akwai teku. Mutumin da ko gada zai hau sai ya yi addu'a tun daga nesa? Ya tambaye ni a mota ko zai samu magariba a ƙasa, na ce ya haɗa da isha in ya sauka.

Auta: Rana ma ba za ta faɗi da wuri ba. Bin ta za su yi ta yi.

Yaya: Bin wa?

Auta: Ranar. Tana gudu yamma, su ma suna gudu yamma. Zai ga agogonsa ya ce goma na dare, taga kuma tana nuna la'asar.

Yaya: Kar ki ƙara mini wani ruɗanin, kaina ya cika. Tsaya in zauna. Ke nan allurar ƙarfe takwas...

Auta: Ba zai same ta ba sai huɗu na asubarku. Kafin a duba takardunsa a fito da kaya, biyar ta wuce. Kuma a jirgi abinci za su yi ta kawo masa, da burodi da lemo mai zaƙi, shi kuma kin san ba ya mayar da hannun kyauta. Ga ɗakin kayan jirgi da sanyin tsiya, an ce allurar tana iya daskarewa ta lalace.

Yaya: Ranar da ya manta ta bara, kin san a ina muka kwana. Kwana uku a gadon asibiti, bai san wanda ke kansa ba.

Auta: Na sani. Kira shi yanzu. Ki kashe ki kira shi.

Yaya: Wayarsa a kashe take. Tun a gida ya kashe ta. Wai an ce waya tana kayar da jirgi, shi ba za a ce shi ne sanadi ba.

Auta: Ya Rabbi. Takardar likita fa? Wadda na ce a karɓo, mai hatimi?

Yaya: Tana aljihun gabansa tare da fasfo.

Auta: Ita ce fa izinin shiga da allurar. An rubuta a ciki cewa dole ta kasance tare da shi.

Yaya: Ni na ɗauka ta likitan idon can ce, wanda za ki kai shi wurinsa. Ke nan izinin yana aljihu, allurar tana cikin kaya.

Auta: Haka ne.

Yaya: Kai, ni 'yasu. An fafe gora ranar tafiya. To za su fito mini da akwatin?

Auta: Da wuya, ya riga ya wuce ciki. Babu saura a gida?

Yaya: Akwai kwalba ɗaya a firji, sabuwa, na ce in ya dawo. Da sirinji uku ko huɗu a durowarsa. Bari in rufe shago in hau sama gida. Hajiya, yi haƙuri, labulen sai gobe. Eh, gobe da safe, in sha Allahu. A ja mini ƙofar.

Auta: Da wa kike?

Yaya: Mai labulen ce ta zo. Ina hawa bene, in kin ji ya yanke, matakala ce, nan ba ya kamawa.

Auta: Ƙarfe nawa za su fara shiga jirgin? Halo? Yaya?

Yaya: ...da kwata.

Auta: Nawa da kwata?

Yaya: Uku da kwata. Namu, ba naku ba. Ko shi ma naku ne? Auta, wannan ukun na waye?

Auta: Naku ne. Duk abin da ya shafi tashi naku ne.

Yaya: Kin tabbata? Don ni yanzu ko agogon bango ban yarda da shi ba.

Auta: Na tabbata. Daga gida zuwa filin minti nawa?

Yaya: Arba'in in hanya ta yi kyau. Malam ya tafi da mota, sai dai tasi. Matar da ta tura shi ta rubuta mini lambarta a bayan takardar nan, ta ce in akwai wani abu in kira. Mutuniyar kirki, har ta ce Baba yana kama da kakanta. Zan roƙe ta ta fito ta karɓa. Ga kwalbar. Ina ƙanƙara... yaran nan sun shanye ƙanƙarar. To, ga ledar wake mai sanyi, da ita zan naɗe. Auta.

Auta: Na'am.

Yaya: Tsaya. Wani abu ya faɗo mini. Ranar Lahadi da kika kira, Baba ya karɓi waya a hannuna. Ina tsaye a wurin ina ninke masa kaya. Ya ce miki, Auta, yayarki ta ce awa huɗu ne, haka ne? Me kika ce masa?

Auta: Yaya, lokaci yana tafiya.

Yaya: Ina saka takalmi, bakina ba ya saka takalmi. Me kika ce masa?

Auta: Na ce haka takarda ta nuna.

Yaya: Haka takarda ta nuna. Kuma ɗazu da na ce awa huɗu, kika ce uhm. Da na ce barcin rana kike, kika ce ina wuni. Ke kin sani.

Auta: Yaya, ni...

Yaya: Halo? Layin ne ko ke ce?

Auta: Ni ce.

Yaya: Tun yaushe?

Auta: Tun ranar da na turo tikitin, kika kira kina murna, kika ce Baba ya yarda tunda awa huɗu ne. Na buɗe baki zan gyara miki, sai na ji muryarsa a bayanki yana cewa in dai huɗu ne zai iya. Sai na kasa.

Yaya: Sati uku ke nan. Kika bar ni ina rantse wa mahaifinmu a kan abin da ba haka ba.

Auta: Ban san za ki rantse ba.

Yaya: Ni da ban taɓa yi masa ƙarya ba ko a kan canjin cefane. Ya kalle ni a mota ya ce, tunda ke kika faɗa, shi ke nan.

Auta: Shekara bakwai, Yaya. Sau uku muna nema masa izinin zuwa, sau biyu yana fasawa da ya ji nisan. Inna ta rasu ban zo ba, takarduna ba su fito ba, a waya na ji ana fita da ita. Yanzu likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu yana bi. Ina so ya ga yaran nan da idonsa tun yana gani. Na ce in ya riga ya hau, ai ba zai sauka a hanya ba. In ya iso ya yi mini faɗa, in durƙusa in ba shi haƙuri. Wallahi ban kawo maganar allura a raina ba, na ɗauka tana jakarsa.

Yaya: Ni kuma da na san sha biyu ne, ko za a ƙwace sai na sa ta a jakarsa. Kin ga abin da shirunki ya haifa.

Auta: Na gani.

Yaya: Kar ki yi mini kuka, ga 'yarki tana yi, ku biyu ba zan iya ba. Bari in kulle ƙofa. Ina makullin... yana hannuna. Yau kam sai a hankali.

Auta: Yaya, in kin je, ki ba matar allurar kawai. Ki ce ta ce masa ta ajiya ce, ko da za a yi jinkiri. Ba sai an faɗa masa sauran ba.

Yaya: Sai ya yi ta yaushe? Na ce masa kada ya taɓa komai sai ya sauka ke ki yi masa. Kin san Baba, zai riƙe kwalbar a aljihu har asuba yana jiran sauka. Dole a ce masa in agogon hannunsa ya nuna takwas ya yi, ko da yana ganin rana a taga. Zai ce don me, ba takwas za mu sauka ba? Sai a ce masa me?

Auta: A ce... a ce jirgin yana iya makara.

Yaya: Da awa takwas? Direba ne fa. Da tara ta yi bai ga ƙasa ba zai ɗauka jirgin ya ɓata, ko mai ya kusa ƙarewa. Ya leƙa ya ga ruwa ko'ina. Shi kaɗai, ba mai jin yarensa, ga hawan jini. Kina so zuciyarsa ta buga a sama?

Auta: A'a.

Yaya: Tasi! Tasi! Filin jirgi, malam, sauri nake. A'a, ni kaɗai, kar ka ɗauki kowa. Ka bi ta bayan asibiti, babban titi ya cushe ɗazu.

Auta: Kin samu?

Yaya: Na shiga. Biyu da minti ashirin da bakwai. Zan sa matar ta kai masa wayarta in yi magana da shi da bakina. Zan faɗa masa duka sha biyun, da tekun, da ranar da ba ta faɗuwa. In ce masa ni ce ban iya karanta takarda ba.

Auta: In ya ce ya fasa fa?

Yaya: In ya fasa, ya fasa da saninsa. In ya hau, ya hau da saninsa. Ba kaya ba ne da za a auna a tura.

Auta: Zai fasa, Yaya. Na san shi.

Yaya: Ni ma na san shi, kuma ban sani ba. Jiya da yamma ya sa na kai shi kasuwa, ya zaɓi 'yar mota ta roba da ƙaramin takalmi, ya kai su kusa da idonsa yana juyawa, ya tambayi mai kanti ko ja ne ko ruwan goro. Da kansa ya sa su a jakar hannu, ya ce waɗannan ba za su shiga cikin kaya ba.

Auta: Ɗazu ba ki faɗi wannan ba.

Yaya: Ya ce kar in faɗa. Malam direba, hagu, hagu. Auta, wata mata tana magana a cikin layin, wai saura minti ɗaya.

Auta: To ki saurara. Kada ki ce ke ce. Ki ce masa Auta ta sani tun farko ta yi shiru. Ki ce masa tsoro na ji kar ya... Halo? Ki ce in ya ga ba zai iya ba, ban yi fushi ba, ya koma gida.

Yaya: Rabin farko zan faɗa. Sauran ke za ki faɗa masa da bakinki gobe in ya iso.

Auta: Yau ne.

Yaya: Me?

Auta: In ya hau, yau zai iso. Yau da dare.

Yaya: Ba kin ce huɗu na asuba ba? Ai gobe ke nan.

Auta: Gobe a wurinki. A wurina yau ne.

Yaya: To ni dai ki je filin tun yanzu ki zauna, ko yau ce ko gobe. In ya hau zan turo miki saƙo, in kuma bai hau ba zan...

Auta: Za ki me? Yaya? Halo? Yaya?